Hujin Zuciyar Jariri: Yadda Tunkiya da Kare da Wani Kafinta Suka Nuna wa Likitoci Hanya

 A wannan shafi muna kawo muku a rubuce abin da ya gudana a gidan rediyo, saboda wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu ko yana tsaye a layin kwastan.

Makonni biyu da suka wuce wani magidanci ya bugo mana waya daga tsallaken iyaka, ya roƙi kada a faɗi sunansa. Ya ce ɗansa wata huɗu da haihuwa, in ya kama nono sai ya yi tsotso kaɗan ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi, in kuma ya yi kuka sai leɓɓansa su rine. Ya kai shi asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce akwai huji a zuciyar. Tambayar mutumin ita ce: to wa ya huda? Ya ce gida ya rabu biyu. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce uwar ce ta yi ta daka da ɗaukar ruwa da tsohon ciki, har an fara yi mata kallon mai laifi.

Malam, ga amsarka tun kafin mu yi nisa: babu wanda ya huda. Da ni da kai da likitan da ya duba yaron, duk da huji a zuciya aka haife mu. Namu ya rufe, nasa ne bai rufe ba, ko kuma wani sashe na zuciyar bai gama haɗuwa ba tun yana ciki. Kafin mutane su gane haka, har su iya gyarawa, an shafe shekaru kusan 1,800. Tarihin ke nan da za mu bi yau.

Zuciya kafin numfashin farko

Wanda ya taɓa yanka rago ya tsaga zuciyarsa ya san ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da katanga tsakanin dama da hagu. Ta ɗan Adam ma haka take. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya yi duhu, ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ja wur, ya watsa shi ko'ina a jiki. Ba a son na dama ya tsallaka hagu sai ya bi ta huhu, kamar yadda ba a son kaya su shiga gari sai sun bi ta shingen kwastan.

To, ɗan tayi ba ya numfashi. Huhunsa cike yake da ruwa, shingen nan a rufe yake. Iskarsa da abincinsa daga mabiyiya suke zuwa, inda jinin uwa da nasa suke gogayya ba tare da sun gauraya ba, sai su bi ta igiyar cibiya su shigo jikinsa. Tunda babu abin ɗauka a huhu, sai aka yi wa jinin ɓarauniyar hanya har uku. Ta farko tana ratse hanta. Ta biyu ƙofa ce mai marfi a katangar ɗakunan sama, jini na wucewa ta nan daga dama zuwa hagu kai tsaye. Ta uku wata gajeriyar jijiya ce da ta haɗa jijiyar da ke zuwa huhu da babbar jijiyar da ke ciyar da jiki.

Kukan nan na farko da ungozoma ke jira, shi ke sauya komai. Iska ta shiga huhu ya buɗe, jini ya kwarara can, wanda ke dawowa ɓangaren hagu ya yi yawa har ya danna marfin ƙofar ya rufe ta. Gajeriyar jijiyar kuma sai ta tsuke cikin kwana ɗaya zuwa uku, bayan 'yan makonni ta bushe ta zama kamar zare. Kusan mutum 1 cikin 4 marfin ƙofarsa bai manne gaba ɗaya ba, kuma yawancinsu har su tsufa ba su sani ba. Amma kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da tawaya ta gaske a zuciya, ƙarama ko babba.

Daga Rum zuwa Alƙahira

Tun a ƙarni na 2, wani likita Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, ya ga wannan ƙofa da wannan jijiya a jikin 'ya'yan dabbobi, ya kuma lura suna rufewa bayan haihuwa. Idonsa ya gani daidai, amma ya yi wani babban kuskure. Ya ce ko a jikin babba, jini na tsiyaya daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan hujoji da ido ba ya gani a katangar ɗakunan ƙasa. Saboda girman sunansa, likitoci suka yi shekara dubu suna maimaita maganar.

Wanda ya fara cewa a'a shi ne Ibn al-Nafis, haifaffen yankin Dimashƙu da ya yi aikin likita a Alƙahira. A wani sharhi da ya yi wa littafin Ibn Sina wajajen 1242, ya ce katangar nan toshe take, babu huji na fili ko na ɓoye, dole jini ya bi ta huhu ya haɗu da iska sannan ya dawo hagu. Ya rasu a 1288, bayaninsa ya kwanta cikin takardu, sai a 1924 wani ɗalibin likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu na birnin Balin a Jamus. Kafin nan, a 1628, William Harvey na Ingila ya fitar da littafin da ya tabbatar cewa jini zagaye yake yi, zuciya ce ke harba shi ya je ya dawo.

A 1888 wani likita a birnin Marsel na Faransa, Arthur Fallot, ya yi bayanin ciwon da Faransawa ke kira shuɗin ciwo. Ya nuna cewa a yawancin yaran da jikinsu ke rinewa, tawaya huɗu ce ke haɗuwa: hanyar zuwa huhu ta matse, akwai huji a katangar ɗakunan ƙasa, babbar jijiya ta hau kan hujin, ɗakin ƙasa na dama kuma ya yi kauri saboda wahalar turi. Har yau da sunansa ake kiran ciwon. Sai dai sanin suna bai warkar da kowa ba. A wancan zamani likitocin fiɗa na ganin zuciya wuri ce da wuƙa ba ta zuwa.

Abin da tunkiya ta nuna

Iyayena makiyaya, nan ne dabbarku ta shigo. Mafi yawan abin da aka sani zuwa lokacin daga gawa aka gano shi, babu wanda ya taɓa ganin jinin ɗan tayi yana tafiya. A ƙarshen shekarun 1930, wasu masana a Ingila, Joseph Barcroft da Donald Barron da Alfred Barclay da Kenneth Franklin, suka koma kan tumaki masu tsohon ciki. Sukan sa wa tunkiya maganin barci, su fito da ɗan ba tare da yanke cibiya ba, su zuba wani ruwa mai fitowa a hoton eksire cikin jijiyarsa, su ɗauki hoto mai motsi. A 1939 suka bayyana abin da suka gani: jini na bin ɓarauniyar hanya, kuma da ɗan ragon ya fara numfashi sai hanyoyin su soma rufewa. Masanan da suka biyo baya, a Ingila da Amurka, da tumaki suka ci gaba. Mafi yawan abin da likitan yara ya sani yau game da zuciyar ɗan tayi, a jikin ɗan tunkiya aka fara ganinsa.

A daidai wannan lokaci, a birnin Bostan na Amurka, wani matashin likitan fiɗa mai shekara 33, Robert Gross, yana da majinyaciya 'yar shekara 7 wadda gajeriyar jijiyarta ta ƙi rufewa. Maigidansa a asibitin bai yarda a taɓa ta ba. Gross ya jira har maigidan ya tafi hutu, ranar 26 ga Agusta 1938 ya buɗe ƙirjin yarinyar ya ɗaure jijiyar da zare. Yarinyar ta tashi, ta rayu har tsufa.

Likitar da ba ta ji da kafintan da ba a kira likita ba

A asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo akwai wata likitar yara, Helen Taussig. Jami'ar Harvard ta ƙi ba ta digirin likita saboda mace ce, sai a Johns Hopkins ta gama a 1927, kuma daga 1930 ita ke riƙe da sashen yara masu ciwon zuciya. Tana cikin aiki kunnenta ya yi nauyi, har ta koyi jin bugun zuciyar yaro da kan yatsunta.

Ita ce ta lura da abin da ya wuce kowa. Cikin yaran da ke rinewa, wasu kan fito da ɗan dama-dama, sai bayan kwanaki ko makonni su rikice. Ta gane cewa gajeriyar jijiyar nan ce ke taimakonsu, ita ke kai jini huhu ta bayan gida tunda hanyar gaba ta matse, kuma ranar da ta rufe ranar ciwon ke tashi. Sai ta ce, in Gross ya iya rufe wannan hanya ga yaron da ta dame shi, me zai hana a ƙera irinta ga yaron da ke bukatarta? Ta je ta sami Gross, bai karɓi shawarar ba. A 1943 ta kai maganar gaban shugaban likitocin fiɗa na asibitinta, Alfred Blalock, da mataimakinsa Vivien Thomas.

Ku riƙe sunan nan na biyu. Vivien Thomas baƙar fata ne, namiji ne duk da sunan ya yi kama da na mata, an haife shi a 1910, ɗan kafinta, shi ma kafinta. Ya tara kuɗi don ya yi karatun likita, sai tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, aiki ya tsaya, bankin da ya yi ajiya ya rushe da kuɗinsa. A 1930 ya samu aiki a ɗakin gwajin Blalock a jami'ar Vanderbilt. Cikin ɗan lokaci ya iya fiɗar dabbobi fiye da likitoci da yawa, amma a takardar albashi mai shara aka rubuta shi. Da Blalock ya koma Johns Hopkins a 1941, tare suka tafi, suka tarar da asibiti mai raba baƙi da farare.

Thomas aka ɗora wa aikin. Sai da ya fara ƙirƙirar irin ciwon a jikin kare, sannan ya nemo yadda za a gyara: a kamo jijiyar da ke kai jini hannu, a karkato ta a ɗinke ta da jijiyar huhu, jinin da bai sha iska sosai ba ya samu damar komawa huhu. Ya gwada a kan karnuka kusan 200. Tunda babu allura ƙarama da za ta ɗinke jijiyar jariri, da hannunsa ya gyara allurai da sauran kayan aikin.

Ranar 29 ga Nuwamba 1944 aka kawo wata yarinya 'yar wata 15, nauyinta bai wuce kilo 4 ba, ta rine, numfashi da ƙyar. Blalock ne ya riƙe wuƙa, amma ya ce a kira masa Thomas. Aka sa masa ɗan benci ya hau a bayan kafaɗar Blalock, yana faɗa masa inda zai sa allura. Yarinyar ta tashi daga tiyatar, launinta ya gyaru, aka sallame ta gida. Ba ta yi tsawon rai ba, ciwon ya dawo bayan watanni ta rasu. Amma yara biyun da suka biyo ta sun samu sauƙi ƙwarai, na ukun ma tun yana kan gadon fiɗa leɓɓansa suka koma ja a gaban idon kowa.

A 1945 aka buga labarin a mujallar likitoci da sunan Blalock da Taussig. Babu sunan Thomas. Iyaye suka yi ta tururuwa Baltimo da 'ya'yansu daga jihohi da ƙasashe. Thomas ya ci gaba da koyar da matasan likitocin fiɗa waɗanda daga baya suka zama manya a ƙasar, albashinsa kuwa bai isa ba, har yakan yi aikin raba abin sha a liyafar maigidansa, yana miƙa wa ɗalibansa kofi. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1985. Yau likitoci da yawa sun ƙara sunansa a sunan tiyatar.

Shiga cikin zuciyar kanta

Duk waɗannan a gefen zuciya aka yi su. Ɗinke hujin ciki yana bukatar a tsayar da jini, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure mintuna kaɗan babu jini. A 1952 John Lewis a jihar Minesota ya sanyaya jikin wata yarinya 'yar shekara 5 don ya samu 'yan mintuna, ya ɗinke hujinta. Ranar 6 ga Mayu 1953 John Gibbon a Filadelfiya ya yi amfani da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a kan wata budurwa 'yar shekara 18, ta warke. A 1954 Walton Lillehei ya yi abin da ya tayar da hankalin abokan aikinsa: yakan kwantar da uba ko uwa kusa da yaro, ya haɗa jijiyoyinsu da roba, huhun babban ya yi wa yaron numfashi har a gama ɗinki, kamar an mayar da yaron ciki. Ya yi haka sau 45 kafin injin ya inganta a daina.

Aikin ya iso yankinmu. A 1964 Charles Easmon ya yi tiyatar buɗe zuciya a asibitin Korle Bu na Akra a Gana. A 1974 aka yi ta farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, inda Magdi Yacoub ɗan Masar ya yi aiki tare da Fabian Udekwu. A 2007 wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe cibiyar Salam kusa da Hartum a Sudan, mai yin tiyatar zuciya kyauta, a 2009 kuma aka buɗe cibiyar zuciya ta Shisong a arewa maso yammacin Kamaru. Wuraren kaɗan ne, hanya da nisa, tiyata da tsada a mafi yawan wurare. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye muku ba.

Me ke kawo shi?

Zuciyar ɗan tayi na fara bugawa wajen mako uku da shigar ciki, zuwa mako takwas ta gama haɗuwa. Wato galibi kafin mace ta tabbatar tana da ciki, an gama ginin. Daka da ɗaukar tulu a wata na bakwai ba su huda zuciyar kowa. A yawancin yara likitoci ba sa samun dalili guda da za a nuna da yatsa.

Akwai dai waɗanda aka tabbatar. A 1941 wani likitan ido a birnin Sidni na Ostireliya, Norman Gregg, ya ga jarirai masu yanar ido sun yi yawa, da yawansu kuma da ciwon zuciya. Da ya bincika jarirai 78, sai ya tarar iyayen 68 sun yi rubela a farkon ciki, wata cuta mai kama da baƙon dauro amma mai sauƙi, wadda ta yi annoba a ƙasar a 1940. Tun 1969 akwai allurar rigakafinta. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da giya, da wasu magungunan farfaɗiya, su ma suna ƙara haɗari. Bakwaini kuma sau da yawa gajeriyar jijiyarsa kan yi jinkirin rufewa.

Ga wani abu da ya shafi kasuwanninmu kai tsaye. Tun shekarun 1970 likitoci suka gano maganin da ke riƙe gajeriyar jijiyar a buɗe ga jaririn da ke bukatarta, da wanda ke rufe ta ga bakwaini. Wanda ke rufewar, dangin ibufurofen ne da dikulofenak, ƙwayoyin ciwon jiki da ake tallarsu a faranti da bayan babur. Mai tsohon ciki in ta yi ta shan su, suna iya tsuke jijiyar tun yaro na ciki, lokacin da rayuwarsa ta dogara da ita. Hajiya, in baya ya dame ki, ki tambayi ma'aikacin asibiti kafin ki saya.

Abin da za ku duba

A fatarmu shuɗin ba ya fitowa a kumatu. Ku duba harshe da dasashi da cikin leɓe da farce. Ku lura da jaririn da ke gajiya da gumi wajen shan nono, mai saurin numfashi ko yana barci, wanda ba ya ƙara nauyi, mai yawan ciwon ƙirji. In ya fara tafiya, ku lura da wanda ke yawan tsugunnawa cikin wasa don ya huta, ko kan yatsunsa ya kumbura. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kai shi asibiti, a roƙi a saurari ƙirjinsa, a maƙala masa 'yar na'urar nan mai auna iskar jini a ƙafa ko a hannu, in ya kama a tura ku inda ake hoton zuciya. Jaririn da ya rine ko ya kasa shan nono a makon farko, ba a jira suna ko arba'in.

Kuma ba kowane huji ne ke kai wa ga wuƙa ba. Ƙananan hujoji da yawa kan rufe da kansu yaro na girma, wasu magani ke riƙe su, wasu ta jijiyar cinya ake bi a toshe ba tare da an tsaga ƙirji ba. Hoton zuciya ne kaɗai zai raba muku wanne ne. In kuna shirin tashi da garke ko tafiyar fatauci, ku riƙe takardun asibitin yaron a leda tare da katin shaidarku, domin likitan da ke wancan gefen iyaka ya ɗora daga inda na wannan gefen ya tsaya.

Malam mai waya, ka karanta wa mutanen gida wannan shafi, ko ka sa a karanta musu. Uwar yaron nan ba ta yi komai ba, ita ce ma ke kwana zaune tana lallaɓa shi ya sha nono. A taya ta, a kai yaron hoton zuciya. Allah ya ba shi lafiya, ya raya mana zuri'a.